Kafin ka sayi SSD mai araha

Idan tsohuwar kwamfutarka ta fara tafiyar hawainiya, sau da yawa faifan ajiya mai juyawa ne ya gaji. Faifan SSD kuwa ba ya da abin da ke motsi a cikinsa, don haka jijjigar hanyar Dakoro zuwa Maradi ba ta dame shi ba.

Kafin ka tafi sayo SSD, sa mai gyara ya buɗe bayan kwamfutar. Tsofaffin kwamfutoci galibi SATA mai inci 2.5 suke ɗauka, sababbi kuwa M.2, siriri kamar cingam. Shi ma M.2 kala biyu ne, SATA da NVMe. Ka sayo wanda bai dace ba, ka yi asarar kuɗin mota.

A ganina, 128 GB ya yi kaɗan, Windows kaɗai zai cinye babban kaso. Nemi 240 ko 256, irin su Kingston A400.

Hattara da araha ta banza. Akwai jabu da ke nuna 1 TB alhali cikinsa ɗan mitsitsi ne. A gwada shi da manhajar H2testw a shagon da za ka saya, idan kuma na hannu ne, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna awannin da ya yi aiki. Tsohon faifan, sa shi cikin akwatin USB ka adana hotunan biki.