Kullin bayan gwiwa: sakiya ko aikin likita?

Wata baiwar Allah daga Dantchiao ta rubuto kan maigidanta, manomi mai shekara 46. Ta ce wani kulli mai taushi ya fito masa a bayan gwiwar hagu, yana cika in ya daɗe tsaye, ya saɓe in ya kwanta. Lokacin girbin hatsi numfashinsa ya sarƙe har da ciwon ƙirji. An yi masa eko, wato hoton cikin jiki, likita ya ce jijiyar jini ce ta buɗe, sai an yi aiki. Dangi sun ce a kira wanzami ya yi sakiya. Tana tambaya: wanne za a bi?

Amsa: Allah ya ba maigida lafiya, 'yar'uwa. Kada a bari aska ko ƙaho su kusanci wurin, domin jini ne a ciki, ba mugunya ba.

Wannan jijiya ita ke mayar da jinin ƙafa zuwa zuciya. Idan bangonta ya yi rauni sai ta kumbura kamar salka, jini ya riƙa kwanciya a ciki yana daskarewa. Gudan da ya ɓalle yakan bi jini ya toshe hanyoyin huhu, kuma yana iya kisa nan take. Sarƙewar numfashin da kika ambata na iya zama alamar hakan.

Cutar ba ta da yawa. Likitoci biyu, May da Nissl, su suka fara bayyana ta a 1968, kuma sau da yawa ana ɗaukarta kumburin ruwan gwiwa ne. Eko ke rarrabewa.

Maganin tsinka jini shi kaɗai bai cika hana gudaji tafiya huhu ba, shi ya sa likitocin fiɗa ke ba da shawarar aiki, musamman in faɗin kumburin ya haura santimita 2 ko akwai guda a ciki. Galibi sukan yanke ɓangaren da ya kumbura su ɗinke jijiyar. In ta lalace sosai, su cire wurin su yi mahaɗi da wata jijiya daga jikin majinyacin. Bayan nan sai maganin tsinka jini na wasu watanni da safar matse ƙafa.

Ku karɓi takardar turawa daga asibitin Magarya zuwa Babban Asibitin Damagaram, a nemi likitan fiɗar jijiyoyin jini, ko da sai an dangana da Yamai. Kafin nan a daina matsa kullin, kuma in haki ko tarin jini ya taso, a kai shi asibiti a daren.