Yadda Ake Shawo Kan Faifan Manhaja Idan Ya Ƙi Tashi a Kwamfuta

Sabbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa ba a yi musu wurin saka faifai ba, amma faifai bai bar mu ba tukuna. Firintar da ke shagon buga takardu, na'urar sikana, manhajar lissafin kuɗi da wani ofis ya saya tuntuni, kundin littattafan karatu, duk a faifai suka zo. Ranar da aka yi wa kwamfuta fomatin ko aka sayo wata, sai a lalubo faifan a ƙasan durowa, a saka, a zauna jira. Wani lokaci shiru, wani lokaci na'urar ta yi ta gurnani, wani lokaci ɗan akwati ya fito da saƙon da bai fayyace komai ba.

Abubuwa uku ne ke cikin wannan aiki: faifan, na'urar da ke karanta shi, da Windows. Yawanci ɗaya ne kawai ke da matsala, kuma maganin kowanne daban ne. Don haka kafin ka taɓa komai, gano wanne ne. Ina takaicin yadda ake saurin yanke hukuncin sake fomatin, a kwashe wa mutum takardunsa da hotunansa, alhali ƙura ce kawai ta zauna a idon na'ura.

Da farko, buɗe faifan da hannunka

Shirun da kwamfuta ta yi bayan ka saka faifai ba lallai ne ya zama lalacewa ba. Tun zamanin Windows 95 ake saka wani ɗan fayil mai suna autorun.inf a faifai, shi ne ke gaya wa kwamfuta abin da za ta tayar da kanta. Masu ƙirƙirar ƙwayoyin cutar kwamfuta sun yi amfani da wannan ƙofa sosai, musamman Conficker da ta ɓulla a 2008, shi ya sa da Windows 7 ta fito a 2009 kamfanin Microsoft ya toshe ta ga filash. A kwamfutoci da yawa ma an kashe tsarin gaba ɗaya, har ga faifai.

Danna maɓallin Windows tare da harafin E, ka shiga This PC. Idan ka ga faifan da sunansa, kada ka danna shi sau biyu. Danna ɓangaren dama na linzami a kansa, ka zaɓi Open. Nemi fayil mai suna setup.exe ko install.exe, ko wanda sunansa ya ƙare da .msi, ka tayar da shi. Idan fayilolin sun yi yawa ka rasa na ɗauka, buɗe autorun.inf da Notepad; layin da ya fara da open= zai nuna maka sunan fayil ɗin da ya kamata.

Idan kuwa fayil ɗaya tak ka tarar, mai ƙarewa da .iso, wanda ya ƙona faifan ne bai yi shi daidai ba. Babu asara. Kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta ka danna shi sau biyu. Daga Windows 8 zuwa sama zai buɗe tamkar ka saka faifai na gaske.

Gwajin da ke raba gardama: kwafe faifan duka

Wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Buɗe sabuwar folda a cikin C:, ka ba ta gajeren suna, misali Faifai. Kada ka sa tazara a sunan, kada kuma ka sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, domin tsofaffin manhajojin girkawa da yawa ba su san waɗannan haruffa ba, da sun gan su a hanyar fayil sai su cije. Kwafe duk abin da ke cikin faifan ka zuba a foldar.

Idan kwafin ya kammala lami lafiya, faifan da na'urar sun fita daga zargi. Tayar da setup.exe daga cikin foldar. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa, saboda na'urar da ta gaji tana iya karanta fayil a hankali idan kwafi ake yi, amma ta kasa biyan manhajar girkawa da ke tsalle daga wannan fayil zuwa wancan.

Idan kwafin ya tsaya a wani wuri, ya fito da saƙon "Data error" tare da kalmomin "cyclic redundancy check", ma'anarsa abin da aka karanto bai yi daidai da abin da aka rubuta ba. Rubuta sunan fayil ɗin da ya tsaya a kai. Domin ganin dukan fayilolin da suka lalace a zama ɗaya, buɗe Command Prompt ka rubuta:

robocopy D:\ C:\Faifai /E /R:2 /W:1

Ka sauya D da harafin da kwamfutarka ta ba faifan. Kada ka manta da /R:2 da /W:1, domin idan babu su robocopy zai sake gwada fayil mai matsala har sau miliyan ɗaya, yana hutawa daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Duba sakamakon da kyau. Idan abin da ya ƙi kwafuwa littafin bayani ne na PDF ko foldar wani harshe da ba ka buƙata, ci gaba da girkawa. Idan kuwa babban fayil ne mai ƙarewa da .cab, nan ne cikin manhajar yake, sai an karanto shi cikakke. Saƙonnin kuskure masu lamba 1305 da 1335 duk wannan labari suke bayarwa.

Faifan ne ko na'urar?

Saka wani faifai da ka tabbata lafiyarsa lau a wannan na'ura, sannan ka kai faifanka wata kwamfutar. Amma ka gwada iri da iri: CD da CD, DVD da DVD. Na'urar tana da haske biyu, na CD mai tsawon zango nanomita 780 da na DVD mai 650, kuma ɗaya na iya mutuwa ɗayan yana aiki. Shi ya sa za ka ga na'ura tana kunna faifan wa'azi na CD sumul, amma ta ce babu komai idan an saka DVD. Ka kuma duba tambarin da ke bakin tiren, domin tsohuwar na'urar CD zalla ba za ta taɓa karanta DVD ba.

Idan faifan ne, ɗaga shi ka karkata shi ga haske. Shatin yatsa da maiƙo da ƙura duk suna fita. Wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, ka ɗauraye, ka tsane da ƙyallen auduga mai laushi irin na goge tabarau. Ban da tishu, ban da gefen riga, ban da fetur ko kananzir. Wajen gogewa ka ja daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, kada ka zagaya. Rubutun da ke jikin faifai layi ɗaya ne da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa waje, kamar ɗinkin murfin ƙwarya na kaba. Ƙarcen da ya ratsa layukan kaɗan yake ci daga kowanne, kuma na'urar tana iya cike giɓin da lissafi. Wanda ya bi layin kuwa yana share dogon rubutu a jere, babu abin cikewa.

Yanzu juya shi ka dubi ɓangaren da aka yi rubutu da zane. A faifan CD, bayanan suna kwance ne dab da wannan fuska, ɗan siririn fenti ne kawai ya rufe su. Idan ka ɗaga shi ga fitila ka ga haske yana ratsowa ta wasu ƙananan huji, ko azurfar ta fara ɓarewa daga baki, wannan wuri ya tafi, babu gogewar da za ta dawo da shi. DVD ya fi jurewa ta nan, domin bayanansa suna tsakiyar roba biyu ne, kowace mai kaurin milimita 0.6. Dabarar shafa man goge baki a ƙarce takan yi aiki jefi-jefi a ƙasan CD, amma tana iya ƙara dusashe shi, don haka ka bar ta sai ka fid da rai. Kafin nan gwada faifan a na'urori biyu ko uku, musamman babbar na'urar kwamfutar tebur. Abin da wannan ta kasa karantawa wata takan karanta, sai ka haɗa fayilolin a folda ɗaya.

Idan na'urar ce, ƙurar hunturu ce abin zargi na farko a ƙasarmu. A kwamfutar tafi-da-gidanka idon yana bayyane da zarar tiren ya fito, ɗan gilashi ne mai sheƙi da bai kai ƙwayar wake ba. Kashe kwamfutar, ka jiƙa audugar goge kunne da sifirit kaɗan, ka shafa shi a hankali ba tare da dannawa ba, ka bari ya bushe. Na'urar waje mai igiyar USB kuma yunwar wuta ce ke yawan damunta: za ka ji faifan ya ɗauki gudu, ya tsaya, ya sake ɗauka. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na USB 3.0 mai shuɗin ciki kuma 900. Mayar da ita ramin shuɗi, ka cire ta daga kowane mahaɗi mai raba rami, ka jona caja. Idan igiyar mai kai biyu ce, soka duka biyun.

In na'urar ba ta bayyana a This PC kwata-kwata, shiga Device Manager, ka nemo ta ƙarƙashin DVD/CD-ROM drives, ka zaɓi Uninstall device, ka sake kunna kwamfutar, Windows za ta girka ta da kanta. Idan alamar ruwan ɗorawa ta fito a kanta da lamba 19 ko 39, gyaran yana cikin rajistar Windows, kuma wannan aikin mai gyara ne; kuskure ɗaya a can na iya hana kwamfutar tashi.

Idan Windows ce ta ƙi

Fayiloli sun kwafu, amma setup.exe ya ƙi motsi ko ya mutu a hanya. Fara da mai sauƙi: sake kunna kwamfutar, domin kuskure mai lamba 1618 yana nufin akwai wata girkawa da ke gudana a ɓoye, galibi sabuntawar Windows. Sannan danna dama a kan fayil ɗin ka zaɓi Run as administrator. Manhajojin zamanin XP sun saba rubutu duk inda suka ga dama, tun daga Vista kuwa sai da izini. Idan bai yi ba, shiga Properties, sai Compatibility, ka zaɓi Windows ɗin da aka rubuta a kwalin faifan. Idan ya nemi .NET Framework 3.5, ana kunna shi ne a Turn Windows features on or off, kuma yana buƙatar intanet. Duba kuma ko C: ta cika, domin manhajar girkawa tana fara zazzage kayanta a foldar wucin gadi, rubuta %temp% a akwatin Run ka share abin da ya taru.

Akwai katanga biyu da waɗannan dabaru ba sa tsallakewa. Ta farko: faya-fayan shekarun 1990 da yawa suna da manhajar girkawa mai bit 16, ko da manhajar kanta mai bit 32 ce. Windows mai bit 64 ba ta tayar da mai bit 16 ko kaɗan, kuma Windows 11 da ta fito a 2021 mai bit 64 ce kawai. Saƙon da za ka gani shi ne "This app can't run on your PC". Mafita ita ce tsohuwar kwamfuta mai bit 32, ko ka girka tsohuwar Windows a cikin VirtualBox, ko DOSBox idan manhajar ta zamanin DOS ce. Ta biyu ta shafi wasanni: waɗanda aka kulle da SafeDisc don hana satar fasaha ba sa tashi a Windows 10 tun fitowarta a 2015, saboda an cire diraibar da kullen ke dogaro da ita. Wasan zai girku, ya ƙi buɗewa. Sai dai a nemi sabon bugu daga kamfanin.

Za ka ji ana cewa a kashe manhajar riga-kafi kafin girkawa. Idan faifan na asali ne daga kamfani, a cikin kwalinsa, ana iya dakatar da ita na ɗan lokaci bayan an cire intanet. Idan kuwa irin faifan nan ne na kasuwa mai manhaja hamsin a ciki, ko wanda aka rubuta sunansa da maka, kuma riga-kafin ta yi ƙara a kansa, ka saurare ta. Kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita ko ake ajiye takardun mutane ba wurin gwada sa'a ba ce.

Ga firinta da sikana akwai gajeriyar hanya. Abin da kake buƙata diraiba ce, sauran abin da ke faifan ƙari ne. Jona na'urar, ka same ta a Device Manager, ka zaɓi Update driver, sai Browse my computer for drivers, ka nuna wa Windows foldar da ka kwafe, ka tabbata akwatin Include subfolders yana da alama. Windows za ta tsinto fayil mai ƙarewa da .inf ta girka ba tare da setup.exe ba. Idan diraibar faifan ta tsufa ga Windows ɗinka, shiga shafin kamfanin da kansa, HP ko Canon ko Epson, ka rubuta lambar samfurin da ke jikin na'urar. Guji shafukan da ke alkawarin sabunta maka dukan diraibobi da dannawa ɗaya.

Da zarar manhajar ta girku, kada ka share foldar nan. Kwafe ta a filash da wani wurin ajiya na biyu. CD bai wuce megabait 700 ba, DVD na yau da kullum kuma gigabait 4.7. Ɗauki hoton lambar sirrin da ke jikin kwalin, ka rubuta ta a ɗan fayil na Notepad tare da matakin da ya yi maka aiki, ka ajiye a cikin foldar. Faifan kuma ka mayar da shi gidansa, ka jingine shi a tsaye, nesa da rana da zafin cikin mota.