Djibo Bakary da ƙuri'ar 1958

Mai karatu, idan ka ji dattawan Agye, Gazawa ko Gidan Rumji suna ambaton Sawaba, to labarin Djibo Bakary suke tunawa. An haife shi a 1922, ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar, sannan ya shiga gwagwarmayar ƙwadago. A 1956 ya zama magajin garin Yamai, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnatin cikin gida ta farko.

Ranar 28 ga Satumba 1958 Faransa ta kira ƙuri'ar raba gardama: a zauna ƙarƙashin inuwarta, ko a karɓi 'yanci nan take. Djibo ya ce a'a, kamar Seku Ture na Gini. Hukumar mulkin mallaka da sarakuna da dama suka juya masa baya, eh ta rinjaya, ya sauka daga mulki. A 1959 aka haramta Sawaba yana gudun hijira. Ya dawo bayan juyin mulkin 1974, aka tsare shi shekaru. Ya rasu a Yamai a 1998.

Ka tambayi dattijon unguwarku wace ƙuri'a gidanku ya jefa, da abin da ya biyo baya.