Ciwon Mara a Wajen Maza: Ko Ƙwayoyin Cuta Ne?

Wani mai sauraronmu daga Ngawundere, wanda ya nemi a sakaya sunansa, yana tambaya: ciwon marar da ya daɗe yana damunsa, ƙwayoyin cuta ne suka kawo shi?

To malam, Allah ya sawwaƙe. Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata 'yar tsoka, furostet. Ƙwayoyin bakteriya, galibi na hanji, kan bi hanyar fitsari su kumbura furostet, sai zazzaɓi da zafin fitsari. Irin wannan ciwo, maganin kashe bakteriya yake so, na makonni.

Amma yawancin masu daɗaɗɗen ciwon mara, in an gwada, ba a samun bakteriya. Sau da yawa ana danganta irin wannan ciwo da jijiyoyi da tsokar mara. Kada ka sha "maganin sanyi" barkatai. Je Asibitin Yanki na Ngawundere a gwada fitsarinka. In fitsarin ya tsaya, garzaya asibiti nan take.