Darasin Kimiyyar Muhalli: Ina Ruwan Dattin Lahaina Yake Zuwa?

'Yan uwa ɗalibai, darasin wannan mako zai kai mu Lahaina, wani ƙaramin gari na bakin teku a tsibirin Maui da ke jihar Hawai ta Amurka. Shi ne garin da gobara ta cinye a watan Agusta na 2023, amma batunmu ya girmi gobarar.

Garin yana da masana'antar tace ruwan datti, wato ruwan bayan gida da na wanka da wanke-wanke. A irin wannan wuri, da farko ana tare shara da raga, sai a bar ruwan a tankuna har laka ta kwanta. Daga nan a hura masa iska domin ƙwayoyin bakteriya su cinye ƙazantar da ta narke, a ƙarshe a kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan yakan fito garau. To amma fitowa garau ba ta nufin babu komai a ciki, domin akwai sauran naitirojin da fosfaros, sinadaran da muka sani a buhun takin zamani.

A Lahaina ba a zuba ruwan a teku kai tsaye. Rijiyoyi huɗu aka haƙa, ana ɗura musu kimanin lita miliyan 15 kowace rana. Tsakaninsu da teku kusan mita 800 ne. Hukumar gundumar Maui ta ɗauka tunda ƙasa ta shanye, magana ta ƙare.

A 2011 masana daga Jami'ar Hawai suka yi wata dabara mai sauƙi: suka zuba rini mai ƙyalli a rijiyoyin, suka jira. Bayan kwana 84 sai ga rinin yana ɓulɓulowa daga ƙasan teku a gaɓar Kahekili, daidai inda murjani yake.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa? Murjani ba dutse ba ne kawai. Ƙananan halittu ne masu gina gidajen farar ƙasa, kuma a cikinsu kifaye ke fakewa su hayayyafa. Ruwa mai haske, marar taki, shi suke so. Da zarar taki ya shigo sai gansakuka ta samu abinci, ta yi yawa, ta lulluɓe murjanin ta tare masa rana. Abin da ke raya masara a gona, shi ke shaƙe murjani a teku. Mai kifi da mai karɓar 'yan yawon buɗe ido su ne ke kwana a ciki.

Ƙungiyoyin kare muhalli sun kai ƙara a 2012. Gunduma ta ce dokar tsabtar ruwa ta 1972 ba ta shafe ta ba, tunda a ƙasa take zubawa. A ganina hujjar ba ta da ƙarfi, kamar mai haƙa salga kusa da rijiyar maƙwabci ne ya ce ai shi bai zuba komai a rijiyar ba. Ranar 23 ga Afrilu, 2020, Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 6 a kan 3, ta ce idan bin ƙarƙashin ƙasa ya yi daidai da zubawa kai tsaye, sai an nemi lasisi. Nisa da tsawon lokacin tafiyar ruwan su ne manyan abubuwan dubawa.

Aikin gida: ku auna taku nawa ne tsakanin salga da rijiya mafi kusa a unguwarku, ku kawo wa kulob amsa kafin Juma'a.