Tashoshin Jirgin Ƙasa Na Birnin Landan

A cikin birnin Landan akwai wata babbar hanya da ake kira Euston Road. Wanda ya bi ta a ƙasa, kafin ya yi tafiyar minti goma sha biyar zai wuce manyan tashoshin jirgin ƙasa har guda uku, wato Euston da St Pancras da King's Cross. Biyun nan na ƙarshe ma suna dab da juna, titi ɗaya ne ya raba su. Baƙo yakan tsaya ya yi mamaki, ya ce, "Me ya hana a gina tasha ɗaya babba, kowa ya huta?"

Ga dalili. A Nijeriya gwamnati ce ta shimfiɗa dogo har ya iso Kano a 1911, saboda haka tasha ɗaya ta ishi gari. A Ingila ba haka aka yi ba. Attajirai ne sukan haɗa kuɗi su kafa kamfani, su nemi izinin Majalisa, su shimfiɗa hanyarsu. Kowane kamfani da dogonsa da jiragensa da ma'aikatansa, kuma dukansu idonsu na kan Landan, don can jama'a da ciniki suke.

Amma shiga birni da dogo ba wasa ba ne. A daji sai a sare itatuwa a wuce, a birni kuwa ko'ina ka sa ƙafa gidan wani ne. An buɗe tashar Euston a 1837, don jiragen da ke zuwa daga Birmingham. Da yake akwai hawa a bayan tashar, har zuwa 1844 da igiya ake jan taragai zuwa kan tudu, a can ne kan jirgi yake jiransu. Da kamfanoni suka yi yawa, kowa na so ya kutsa tsakiyar birni, sai hukuma ta naɗa waɗansu dattawa a 1846 su duba al'amarin. Suka ba da shawara kada a bar dogo ya keta tsakiyar gari. Shi ya sa jiragen da ke fitowa daga arewa suka ja birki a bakin wannan hanya, tashoshinsu suka jeru kamar rumfunan kasuwa. A 1852 kamfanin Great Northern ya buɗe tasa, ita ce King's Cross.

To, akwai wani kamfani mai suna Midland, mazauninsa garin Derby, a tsakiyar ƙasar. Yana da arziki, yana ɗaukar kwal mai yawan gaske, amma ba shi da ko taku ɗaya na dogo a Landan. Da fari yakan kai fasinjojinsa da kayansa garin Rugby, ya miƙa su ga kamfanin da ke da Euston. Da hanyar nan ta cushe, sai ya ja dogonsa zuwa wani gari, Hitchin, mil talatin da 'yan kai daga Landan, ya shirya da Great Northern. Daga 1858 jiragen Midland suka riƙa hawa dogon Great Northern suna shiga King's Cross, suna biyan haya.

Kamfani biyu ke nan a tasha ɗaya, amma ba daidai suke ba, ɗaya maigida ne, ɗaya baƙo. Masu ba jirgi hannu, da masu karkatar da dogo, duk ma'aikatan maigida ne. In jirage biyu suka iso mahaɗa a lokaci guda, ba sai an tambayi wanda zai fara wucewa ba.

Abin bai fito fili sosai ba sai a 1862. A shekarar aka yi wani babban baje koli na ƙasashen duniya a Landan, mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina don su yi kallo. Hanya ta cika maƙil. Great Northern ya riƙa wuce da jiragensa, na Midland kuwa a bar su tsaye a hanya, fasinja na ciki suna ta duban agogo. Har ta kai maigida ya sa aka fitar da taragan baƙo daga filinsa na ajiye kaya. Shugabannin Midland suka ga lalle zanen aro ba ya rufe katara. A 1863 suka sami izinin Majalisa su ja dogonsu na kansu daga garin Bedford, tafiyar kimanin mil 50, har cikin Landan.

Yanzu fa aiki ya samu. A arewacin wurin da suka zaɓa akwai wani kogi da aka haƙa da hannu don jiragen ruwa masu dakon kaya. Great Northern ta ƙarƙashinsa ya bi da dogonsa. Injiniyan Midland, William Barlow, ya zaɓi ya haye ta sama da gada. Saboda haka jirgi ya iso tasha a bisa, kamar tsayin mutum uku daga ƙasa. Sai Barlow ya kafa ɗaruruwan ginshiƙan ƙarfe ya ɗora tashar a kansu, ƙarƙashin kuwa ya zama wurin ajiyar kaya. Ya rufa ta da rufin ƙarfe da gilashi mai kama da baka, fāɗinsa ya ɗara ƙafa 240, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. A zamanin nan duk duniya babu rufi irinsa mai wannan faɗi.

Sai dai filin da aka yi aikin ba kango ba ne. Unguwannin talakawa ne, Agar Town da wani yanki na Somers Town. Aka rushe gidaje, dubban mutane suka kwashe komatsansu. Masu gidajen an biya su, amma 'yan haya, waɗanda su ne suka fi yawa, haka suka fita hannu rabbana, suka je suka ƙara cunkoso a unguwannin da ke kusa. Ko matattu ba su tsira ba, don dogon ya ratsa wata tsohuwar maƙabarta, dole aka tone kaburbura aka sake musu wuri. Cikin masu lura da wannan aiki har da wani saurayi, Thomas Hardy, wanda daga baya ya zama shahararren marubuci.

Ran 1 ga Oktoba, 1868, aka buɗe tashar St Pancras. A gabanta kamfanin ya gina wani makeken masaukin baƙi na jan bulo, mai hasumiyar agogo wadda ta kere ta King's Cross tsawo. Ana iya cewa da gayya aka yi, don tsohon maigida ya riƙa gani kullum.

Kamfanonin nan biyu duk sun shuɗe. A 1923 aka haɗe kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila suka koma manya guda huɗu, a 1948 kuma gwamnati ta karɓe su duka. Bayan haka aka so a rufe St Pancras, aka ce King's Cross ta isa. Mutane suka tashi tsaye suka ƙi, har a 1967 hukuma ta sa ta cikin gine-ginen tarihi da ba a yarda a rushe ba. Daga baya aka gyara ta, wurin ajiyar kayan nan na ƙasa ya koma kantuna da zauren jiran jirgi. Tun 2007 daga nan ne jiragen da ke bi ta ƙarƙashin teku suke tashi zuwa Faransa da Beljiyam, mutum ya hau a Landan, kafin awa biyu da rabi ya sauka a Faris.