Jinin da Ke Biyo Asuwaki: Ciwon Dasashi da Hanyar Kauce Masa

Abin da aikin duba haƙora a yankin Ƙaraye da Rogo yake nunawa shi ne, mutanen garuruwa irin su Unguwar Hajji ba su cika zuwa asibiti saboda dasashi ba sai haƙori ya fara girgiɗi, alhali ciwon ya daɗe yana sanar da kansa ta ɗan jinin da ke ɓata bakin asuwaki da asuba. Dasashi shi ne naman da ya lulluɓe gindin haƙora, kuma lafiyayyensa ba ya jini don an goga shi.

Tushen ciwon wani datti ne mai danƙo da ke taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi, wanda mafi yawansa ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Idan aka bar shi kwanaki kaɗan sai sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da shi ya zama kamar tsakuwa, wadda asuwaki ko buroshi ba sa iya cirewa sai ma'aikacin lafiyar haƙori ya kankare ta. A matakin farko dasashi kan kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini, amma yakan warke sarai da zarar an tsabtace shi. A mataki na biyu kuwa sai ya saki haƙorin, ramin da ke tsakaninsu, wanda a lafiyayyen baki bai wuce milimita 3 ba, ya zurfafa, baki ya yi wari, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan 1 ne ke fama da wannan mataki mai tsanani.

Kuskuren da ya fi damun ma'aikacin lafiya shi ne, mutum yana ganin jini sai ya daina goge wurin don tsoron fama ciwo, ta haka dattin ya samu wurin zama. Asuwaki, na itacen da aka sani da wannan suna ne ko na dalbejiya, kayan tsabta ne na ƙwarai, sai dai akasari ana tsayawa ne a haƙoran gaba da mutane ke gani, a bar turame da ɓangaren da ke fuskantar harshe. Abin da ake bukata shi ne a tausasa bakinsa, a bi gindin kowane haƙori a hankali ciki da waje, safe da dare, a kuma yanke bakin da ya tsufa. Dirzawa da gawayi ko toka tana kankare haƙori ta kuma janye dasashi, kanumfari kuma zogi kawai yake kwantarwa.

Akwai waɗanda haɗarinsu ya fi yawa. Mai ciwon suga dasashinsa yakan lalace da wuri, ciwon dasashin kuma yakan wahalar da daidaita sugan, mai juna biyu kuma sauyin sinadaran jikinta yakan sa nata ya kumbura. Sigari ta fi yaudara, domin tana tsuke hanyoyin jini, sai jinin da zai yi gargaɗi ya ɓuya yayin da ƙashi ke ci gaba da zaizayewa.

Lamarin ƙananan yara ya fi kowanne gaggawa. Cutar noma, wadda sunanta daga Girkanci ya fito, ba shi da alaƙa da aikin gona, tana farawa ne da ciwon dasashi a bakin yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, sannan cikin kwanaki ta cinye kumatu da leɓe. An buɗe asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Don haka yaron da dasashinsa ke jini, bakinsa ke wari, kuncinsa ya kumbura, a ranar ya kamata a kai shi asibiti mafi kusa, a Ƙaraye ko a Rogo, domin a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.